Fassarar da Sufyanu Bai Ƙarasa Ba

Nasarawa Burkullu,
12 ga Satumba.

Zuwa ga Kawu Abdulwahabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen shago. Mu nan sai godiyar Allah. Zazzaɓin da ya kama ni bayan sadakar bakwai ya sauka, abinci ne dai har yanzu ba ya shiga sosai.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka kashe sabis wayoyinmu suka koma tocila da agogo. Rabona da biro tun jarrabawar fita sakandare a Gummi, don haka ka yi haƙuri da rubutun, kamar kaji sun yi tono. Modibbo direba mai shiga Gusau ta Anka ne zai kawo maka. Ya ce in hanya ta yi kyau ba ya wuce sati bai shigo ba.

Yau kwana ashirin da tara da rasuwar marigayi. Ina nan ɗakina a gidansu ina takaba, ba kwalli, ba turare, ko ƙofar gida ban leƙa ba. Akwai abin da ban samu na faɗa maka ba ranar da ka zo gaisuwa, saboda mutane sun yi yawa.

Da aka kawo shi daga hanyar Anka babu waya a jikinsa, waɗanda suka buɗe wa motar wuta sun kwashe. Sai da aka zo wanke kayansa aka sami memori a aljihun 'yar cikinsa, ya naɗe shi a takarda. Ka san al'adarsa. Duk fim ɗin da ya fassara a shagonka, ni yake fara kawo wa kafin ku sake shi ga masu turawa a waya. Wai ni ce mai tace masa aiki, in ban yi dariya ba bai yi ba.

Kwana goma sha biyu ina juya memorin nan a hannu na kasa sa shi. Ranar da na daure na sa, abin da ya fara fitowa shi ne, "Jama'a masu kallo, Sufyanu Burkullu ke fassara, ku gyara zama." Kawu, sai da na dubi labule.

Fim ɗin ka san shi, tunda kai ka zaɓo. Na Indiyan nan ne, na matar da mijinta mai kwale-kwale ne, ruwa ya ci shi, ita kuma ta ƙi yarda. Kullum azahar sai ta ɗauki kwanon abincinsa ta kai bakin kogi, ta zauna har ya huce, ta dawo da shi. Da can in ya kawo irin waɗannan dariya nake yi, ina ce masa Indiyawa ba su da aikin yi, mutum ya mutu sai a hau dutse ana waƙa. Ashe gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta ina tafi, ban nemi ruwa na shafa wa nawa ba, ko da yake za ka ce ina na ga gemu.

Kai ka san aikin, mutum ɗaya ke yin muryar kowa. Amma ba ka san yadda abin yake a kunnena ba. Shi ne mijin, shi ne matar, shi ne surukar, har ɗan sandan da ya kawo labarin mutuwar shi ne. Shi ya mutu a cikin fim ɗin, kuma shi ya siranta murya ya zauna yana kukan kansa. Ni da na kasa kuka ranar da aka kawo shi, har mata suna cewa na cika taurin zuciya, sai da na ji ya yi kukan da muryar mace sannan nawa ya zo. Na yi shi har na shiɗe.

Kashi na ɗaya ne kaɗai a memorin. Ya tsaya inda wani malamin makaranta ya zo ya tsaya a bayanta a bakin kogin, ta waiwayo. Sai muryarsa ta ce, "Mu haɗu a kashi na biyu in muna da rai." Ban sani ba ko ya samu ya yi na biyun kafin ya taso.

Don girman Allah ka duba kwamfutarku. In ya yi, ka ba Modibbo ya kawo mini. Ba labarin ya dame ni ba, ta auri malamin ko ta faɗa kogin, ita ta sani. Awa ɗaya da rabi na muryarsa da ban taɓa ji ba nake nema. Takabata za ta ƙare cikin Disamba, kuma tunda Allah bai ba mu haihuwa ba, babu abin da zai riƙe ni a gidan nan, Gummi za a mayar da ni wajen Innata. Ina so in ji shi a ɗakin nan kafin in fita.

'Yarka,
Hamida.


Gusau,
21 ga Satumba.

Zuwa ga ɗiyata Hamida,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, kuma na gode Allah da zazzaɓin ya sauka. Ki riƙa tilasta wa kanki abinci ko da kunu ne. Mu nan kowa lafiya, sai ciwon bayan nan nawa da ya zama ɗan gida. Kwana arba'in ɗin Sufyanu ya matso, ba na jin zan samu zuwa saboda hanya, amma za mu yi sauka a nan.

Rubutunki ba laifi. Na ga na likitoci, na ga na Sufyanu, don haka babu tonon kazar da zai ba ni tsoro.

Da na karanta inda kika ce kin dubi labule, sai da na ajiye takardar na fita waje. Ni ma haka nake fama. Ɗakin ɗaukar muryar yana nan yadda ya bar shi, da katifun da muka manna wa bango, da kofin da yake shan ruwan ɗumi da citta. Kin tuna zuwanki hutu shekara uku da suka wuce? Kin shigo shago kin ji mace tana rusa kuka a ciki, kika ture ni wai sai kin ga wadda nake zalunta, kika buɗe ƙofa kika tarar da ƙato da gemu yana share gumi. Kin yi dariya har kika zauna a ƙasa. Shi kuwa da kika fita cewa ya yi, "Oga, wagga ɗiya taka tana da miji?" Wani lokacin ina cewa da na rufe ƙofar nan da kwaɗo ran nan, da yanzu ba ki cikin takaba. Astagfirullah, kowa da abin da aka rubuta masa.

Yanzu maganar kashi na biyu. Ki ba ni lokaci. Akwai sauran aiki a kansa, ba abin da zan ɗauka in ba direba haka nan ba ne. In lokaci ya yi zan yi miki bayani.

Amma ki ji shawarar kawunki. Na shekara goma sha ɗaya ina sayar da fina-finan nan, na san yadda aka ƙera su. An yi su ne don mai lafiya ya ɗanɗana baƙin ciki na awa uku, ya tashi ya ci tuwonsa. Ba a yi su don wadda abin ya sama da gaske ba. Kada ki mayar da shi abincinki. Ki kalla sau ɗaya a sati in ya zama dole, sauran lokacin ki riƙe carbi, addu'a ita ce za ta isa gare shi.

Ki gaishe mini da Inna Dija, ki ƙara yi mata gaisuwar ɗanta. Na san ba ta taɓa son sana'ar da na sa shi ba, kuma ba ta ɓoye mini ba.

Kawunki,
Abdulwahabu.


Nasarawa Burkullu,
6 ga Oktoba.

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri, ya bayan naka? Ka riƙa shafa man zafi, ka rage zaman benci. Mu lafiya lau. An yi sadakar arba'in, mutane ba su zo da yawa ba, kowa na tsoron hanya. Gero ya nuna, amma gonakin nesa sai kallo, babu mai zuwa yanka. Wasu dangin surukata sun taso daga Zugu suna nan tare da mu, gidan ya cika.

Ka ce akwai sauran aiki a kansa. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Abin da ba a fara ba ai ba a cewa da saura. Ya yi kenan! Tun ranar nake jin abinci yana shiga. Ko ba a gyara ba, ko da tari da gyaran murya a ciki, ka turo haka nan. Tarin ma ina so.

Shawararka kuwa na ji, amma ban ɗauka ba, gara in faɗa maka gaskiya. Kullum nake kallo. 'Yar solar da ya kafa a kan ɗaki ita ke yi mini caji, in rana ta yi zafi in gode Allah, in hadari ya taso in ji haushi kamar ba manoma muke ba. Carbin ma ina ja.

Bari in ba ka labarin surukata. Kwanakin baya bayan azahar ina kallo, na manta ban rage sauti ba, sai ga Inna Dija ta ɗaga labule.

"Ke, wa ka kuka ɗakin ga?"

Na ce fim ne. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Mai takaba da kallon Indiya? Wagga wace irin takaba ta?"

Na kai hannu zan kashe. Daidai nan matar ta gama kuka, surukarta ta fara yi mata faɗa, sai kuma ga muryar namiji, ta maƙwabcinsu, ya shigo yana ba su haƙuri. Wannan muryar kusan tasa ce ta gida, bai canza ta sosai ba. Inna Dija ta dafa bango. Ka san ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da aka kawo shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta ce, "Yaron ga na?" Na ce shi ne. Ta ce, "Da tsohuwar, da yarinyar?" Na ce duk shi ne.

Matar nan da take cewa ɗa namiji ya zauna yana maƙe murya kamar mace wai sana'a, sai ta zauna a bakin gadona. Ta ce, "Ba ni son hoton. Kihe wayar, muryad dai ni ka so." Na kife wayar a kan tabarma, muka zauna muna saurare har aka kira la'asar. Da za ta fita ta ce, "Ashe hakanga ya iya," ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yanzu kullum bayan azahar sai ta shigo kamar tana neman wani abu, wuƙa ko ashana, ni kuma in kife wayar. Ta haddace wurare, in an kusa inda tsohuwar fim ɗin za ta yi masifa sai in ga bakinta yana motsi. Jiya ta tambaye ni ko yarinyar ta daina kai abincin. Na ce sai a kashi na biyu, kuma yana hanya. Ka ga yanzu mu biyu ke jiranka.

'Yarka,
Hamida.


Nasarawa Burkullu,
9 ga Nuwamba.

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in har wannan lafiya ce.

Wata guda da kwana uku ba amsa. Na yi ta ba ka uzuri, na ce hanya ce, na ce ciwon baya ne. Yau da hantsi ina shanya a bayan ɗaki sai na ji muryar mijina ta tsallako katanga daga gidan Surayya maƙwabciyarmu. Muryar matar fim ɗin ce, tana faɗin maganganun da ban taɓa ji ba. Na saki zanen a ƙasa. Na ce Modibbo ya kawo saƙo ya yi ɓatan gida.

Sai namiji ya amsa mata. Kawu, ba shi ba ne. Wani ne can mai murya kamar ana jan galan a kan tsakuwa, yana ce mata wai ya daɗe yana sonta. Muryar mijina kuma tana ba shi amsa a hankali, da kunya.

Na buga katangar da hannu har Surayya ta leƙo. Ta ce mijinta ne ya turo shi a Bukkuyum tun sati biyu da suka wuce, duk gari an gani. Ta ce, "Wallahi ban san kina jiyawa ba, Hamida." Na roƙe ta ta kashe, ta kashe.

Duk gari an gani. Masu shayi sun gani, masu faci sun gani, ni da nake fara gani kafin kowa sai ta kan katanga. Me na yi maka? Wane ne wannan da ka saka a cikin aikinsa? In bai ƙarasa ba me ya hana ka faɗa mini tun farko, ka bar ni ina ƙirga kwanaki, har na sa tsohuwa ita ma tana ƙirgawa? Ban faɗa mata ba. Da ta shigo bayan azahar cewa na yi kaina ke ciwo.

Ba ni da ƙafar zuwa Gusau, ba ni da sabis ɗin kiranka, ba ni da abin da zan iya sai wannan takarda. Saura kwana arba'in da ɗaya in fita. Ka yi mini magana ko da mai ɗaci ce.

Hamida.


Gusau,
24 ga Nuwamba.

Ɗiyata Hamida,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ki da sauƙin zuciya. Takardunki biyu a rana ɗaya suka zo hannuna, don Modibbo ya yi sati shida bai shigo ba, an tare hanya har sau biyu. Amma ba zan ɓuya a bayan Modibbo ba. Ko da ta farkon ta zo da wuri, ban san abin da zan rubuta ba. Na yi laifi, ki yafe mini.

Ga gaskiyar. Sufyanu yana da yadda yake aiki, ba kamar sauran masu fassara ba. Su suna bin fim daga farko zuwa ƙarshe, suna sauya murya nan take. Shi kuwa sai ya fara share maganar Indiyawan duka, ya bar kiɗa da ƙarar wuri. Sannan ya ɗauki muryar mata kaɗai, da sassafe kafin ya karya, wai lokacin ne maƙogwaro yake siriri. Sai ya gama mata kaf har ƙarshen fim, sannan ya dawo ya bi maza. A kashi na biyu ya gama mata. Maza ko ɗaya bai taɓa ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ranar Juma'a ya so ya taho gida. Ni na ce ya ƙara kwana ɗaya ya rufe muryar matan, kada ya dawo murya ta canza. Ya ce to. Ya gama ranar Asabar da safe, ya shiga motar da aka tare. Motocin Juma'a duk sun wuce lafiya. Na san ajali ba ya jira, na sha faɗa wa wasu haka, amma wata uku ke nan ban iya faɗa wa kaina na yarda ba. Shi ya sa ranar gaisuwa ban iya haɗa ido da ke ba.

Da muka saki kashi na ɗaya, mutane suka dame mu da tambayar na biyu. Na ga in na bar shi a kwamfuta aikinsa na ƙarshe ya mutu tare da shi. Na kira Naziru, wani mai fassara a nan, ya cike mazan. Niyyata in rubuto miki kafin ya fita, sai ya riga takardata isowa. Ban yi tunanin katanga ba.

Ga memori nan cikin ambulan, na manne shi da salatif. Ba na kasuwa ba ne, wanda ya bari ne, ko numfashi ban taɓa ba. Mata suna magana, maza bakinsu yana motsi ba sauti. Ki yi tunani kafin ki sa.

Abu ɗaya kuma. Kusa da ƙarshe akwai inda mijin da ya mutu yake bayyana gare ta a kan ruwa, ya yi mata magana mai tsawo. Rubutun Turancin da ke ƙasa cewa yake ta ci gaba da rayuwa, kada ta ɓata ƙuruciyarta, irin abin da duk fina-finan nan suke faɗa. Naziru ya fassara shi daidai. Amma amsar da Sufyanu ya riga ya ɗora wa matar ba ta hau kan wannan maganar ba ko kaɗan. Kin san shi, ba ya bin Turancin sai ya ga dama, kuma ba ya rubuta komai, duk a kansa yake ajiyewa. Ya shirya abin da mijin zai ce, ya ba da amsarsa, ya bar maganar sai ya dawo. Kwana biyu muka yi da Naziru muna gwada kalmomi, babu wadda ta zauna. A na kasuwa sai muka yanke amsar muka sa kiɗa. A wannan tana nan.

Na so in ce miki na san abin da ya yi niyya. Ban sani ba.

Kawunki mai neman gafara,
Abdulwahabu.


Nasarawa Burkullu,
19 ga Disamba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali. An ce sabis ya dawo, har na ga kiranka sau uku. Ka yi haƙuri ban ɗauka ba, abin da ke bakina ba zai fita ta waya ba.

Maganar Juma'a da Asabar, ka sauke ta. Na kwana biyu ina jin zafinka, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma shi da kansa ya sha ƙara kwana don wasan ƙwallo kawai. Na yafe, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Sati uku memorin yana ƙarƙashin matashina. Sai jiya na ga in ban sa ba, zan fita ɗakin nan ban ji ba. Na kira Inna Dija bayan azahar na yi mata bayani. Wannan karon ba mu kife wayar ba, don in ba a gani ba za a san ana magana ba.

Da farko abin har da ban dariya. Malamin makarantar ya zo yana ta wasa da hannu, baki yana motsi, shiru. Inna Dija ta ce, "Madalla, yau dai maza sun yi kurum." Muka yi dariya, rabona da dariya tun Agusta. Muka ga yarinyar ta fara makara da kai abincin. Muka ga ranar da ta manta, ta tuna da la'asar, ta zauna tana zagin kanta. Wannan wurin ya yi shi da kyau, Kawu, har na ji tsoro, don ni ma ranar Talata na wuni ban tuna da shi ba sai da aka kira magariba.

Sai aka zo wurin da ka faɗa. Ta je bakin kogin da rana tsaka, ga shi a cikin kwale-kwalensa, kayansa a bushe. Ya dube ta ya fara magana. Minti biyu da 'yan daƙiƙu, na duba. Ba ka jin komai sai ruwa da sarewa. Na matso da wayar har tana taɓa kunnena, kamar wata sakarya.

Da ya rufe baki, matar da ke hoton hawaye take yi. Amma muryar da ya ɗora mata dariya ta yi, 'yar gajera, ta hanci. Ta ce, "Kai dai ba ka barin wasa, har can ma?" Sai ta ce, "To, na jiya. Na yi ma alkawali."

Inna Dija ta kama hannuna. Ta ce, "Wagga dariya ba ta Indiya ba ta. Taki ta."

Na mayar baya. Na sake mayarwa. Gaskiyarta. Haka nake yi in ya zo da shirmensa ina cikin fushi, in so in ɗaure fuska dariyar ta kufce ta hanci. Har yadda nake jan "to" ɗin. Mutum ba ya sanin muryarsa, shi ya sa ban gane ba tun a kashi na ɗaya. Ni ya ɗauka ya sa wa matar nan tun daga farko. Ya zauna a ɗakinku da sassafe, da yunwa, yana kwaikwayon yadda zan yi in ya mutu, don kawai ya kawo mini in ce ya yi ko bai yi ba.

A fim ɗin ta auri malamin. Amma ka ce ba ya bin Turancin, kuma wanda ya sa mace dariya a wannan wurin ba "ki ci gaba da rayuwa" ya ce mata ba. Wataƙila cewa ya yi ta yi aure amma ban da mai gemu. Wataƙila cewa ya yi ta jira shi. Wataƙila kwanon abincin kawai ya ce ta daina wahalar da shi. Tun jiya nake jera maganganu a bakin mutumin nan kamar yadda kuka yi da Naziru, ni da na fi kowa saninsa, kuma babu wadda ta zauna.

Na bar wa Inna Dija memorin farko, Nusaiba ƙanwarsa za ta riƙa sa mata. Wannan zan tafi da shi. An aiko daga Gummi cewa mota za ta zo jibi, kuma wai har masu neman aure sun fara tambayar Innata labarina.

Kawu, ka tambayi mai shayin da ke ƙofar shagonku. Ka tambayi duk wanda ya ci abinci da shi a satin nan. Ko da wasa ne, ko rabin magana, wataƙila ya gwada ta a kan wani don ya ga ko za a yi dariya. Na san ka ce ba ka sani ba. Ka sake tambaya.

Gobe da hantsi za a yi mini wankan fita takaba. Na riga na yi masa alkawari da muryar nan tawa da ya ara, Kawu, kuma ban san na mene ne ba.

'Yarka,
Hamida.